Kotun Shige da Ficen Amurka: Alƙali Ne da Baƙar Riga, Amma Ma'aikacin Minista Ne

Wanda bai taɓa leƙa kotun shige da fice a Amurka ba zai zaci wani katafaren zaure ne irin wanda ake gani a talabijin. Galibi ƙaramin ɗaki ne a wani hawa na benen ofisoshin gwamnati, kamar 26 Federal Plaza da ke birnin New York. Akwai ƴan bencina na katako, da tebur biyu, ɗaya na lauyan gwamnati ɗaya na wanda ake son a tasa ƙeyarsa, sai kujerar tafinta, sai alƙali da baƙar rigarsa yana magana yana kuma duba kwamfuta, domin shi da kansa yake kunna na'urar ɗaukar sauti. Da safe ɗaya ana iya kiran mutum talatin ko fiye. A irin wannan ɗaki ake yanke wa mutum hukuncin ko zai ci gaba da zama da iyalinsa, ko za a mayar da shi ƙasar da ya ce ana neman ransa. Dana Leigh Marks, wadda ta daɗe tana alƙalanci a San Francisco, ta taɓa kwatanta aikin da yin shari'ar kisa a kotun masu laifin tuƙi.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne wannan kotu ba ta cikin ɓangaren shari'a na gwamnati. Sashe ce ta Ma'aikatar Shari'a da ke ɓangaren zartarwa, ƙarƙashin wani ofishi mai kula da kotunan shige da fice da ake kira EOIR. Alƙalanta lauyoyi ne da Antoni Janar ya naɗa, kuma yana iya canza musu wurin aiki, ya sa musu ƙa'ida, ya soke hukuncinsu, ko ya sallame su. Wanda ke gurfanar da mutum kuwa lauyan ICE ne, hukumar da ke kama baƙi da korarsu, ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. Ministocin biyu duk shugaban ƙasa ɗaya suke yi wa aiki. A ganina kusan duk ciwon da ke damun wannan kotu daga nan ya samo asali, kuma tarihinta ya nuna yadda aka yi aka zo nan.

A 1891 gwamnatin tarayya ta karɓe ragamar shige da fice daga hannun jihohi ta ba Ma'aikatar Baitulmali. A 1892 aka buɗe tsibirin Ellis, inda jiragen ruwa ke sauke baƙi daga Turai, a 1893 kuma aka kafa ƴan kwamitocin bincike na jami'ai masu tantance wanda ake shakkar shigarsa. A wannan shekarar ce Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Fong Yue Ting, wani ɗan Sin da ba shi da takardar zama da dokar 1892 ta wajabta wa leburorin Sin. Kotun ta ce korar baƙo ba horo ba ne a kan laifi, al'amari ne na gudanar da mulki. Wannan magana ta shekara ɗari da talatin da wani abu ita ce har yau ta sa wanda ake zargi da satar keke yake samun lauya kyauta daga gwamnati, amma wanda za a raba da ƴaƴansa har abada ba ya samu.

Daga nan aikin ya yi ta yawo. Ya koma Ma'aikatar Ƙwadago, a 1933 aka haɗa shi cikin hukumar shige da fice da ba da takardar zama ɗan ƙasa, wato INS, a 1940 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka miƙa hukumar ga Ma'aikatar Shari'a saboda an fara kallon baƙi ta fuskar tsaro. A shekarar aka kafa Hukumar Ɗaukaka Ƙara ta Shige da Fice, wato BIA. A wancan zamani sau da yawa jami'i guda ne ke gabatar da hujjar gwamnati, shi ke yi wa mutum tambayoyi, shi kuma ke yanke hukunci, shi ke kiɗansa shi ke rawarsa. Kotun Ƙoli ta ce hakan bai dace ba a shari'ar Wong Yang Sung a 1950, amma cikin ƴan watanni Majalisa ta yi doka ta kewaye hukuncin. Babbar dokar shige da fice ta 1952 ta kira waɗannan mutane jami'an bincike na musamman. Sai a 1973 aka ba su sunan alƙalai aka kuma yarda su sa riga. A watan Janairun 1983 aka cire su daga INS aka kafa EOIR, a 2003 kuma aka rushe INS ɗin gaba ɗaya aka raba aikinta tsakanin ICE, da CBP mai tsaron iyaka, da USCIS mai ba da takardun zama. Kowane mataki ya ƙara nesanta alƙali da jami'in da ke kamu, amma babu wanda ya fitar da shi daga ƙarƙashin minista.

Yadda shari'ar take tafiya

Komai yana farawa da takardar sammaci mai lamba I-862. A jikinta gwamnati take jera abin da take iƙirari: kai ba ɗan ƙasa ba ne, kai ɗan ƙasa kaza ne, ka shigo ranar kaza ta wuri kaza, bizarka ta ƙare ko ka shigo ba izini, saboda haka ka cancanci kora a ƙarƙashin sashe kaza. A saman takardar akwai lambar baƙo mai farawa da harafin A, galibi lambobi 9. Da ita ake duba ranar zama a shafin EOIR na intanet ko ta layin wayar kotu. Duk wanda ke da shari'a ya kamata ya haddace ta kamar lambar wayarsa, ya kuma riƙa dubawa duk mako, domin ana matso da rana ko a ɗage ta ba tare da wasiƙa ta iso kan lokaci ba.

Zaman farko na jimla ne, ana kiran mutane bi da bi, kowa minti biyar zuwa goma. Alƙali zai bayyana maka haƙƙoƙinka, ya ba ka jerin ƙungiyoyin da ke taimako kyauta, ya tambaye ka ko ka amince da abin da ke cikin sammacin ko ka musanta, sannan ya tambayi irin kariyar da kake nema. Nan mutane da yawa ke yin kuskuren farko. Suna cewa "e" ga komai don ladabi ko tsoro, alhali wanda aka shigar da shi ƙasar bisa ƙa'ida, nauyin kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa a kan cewa ya cancanci kora yana wuyan gwamnati ne. Wanda bai da lauya yana da damar roƙon a ɗage zama ya nemo, kuma alƙalai kan bayar a karon farko.

Kuskure mafi tsada shi ne rashin zuwa. A gida ana cewa ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa, to a wannan kotu ana yi. Idan aka kira suna ba ka nan, kuma gwamnati ta nuna an aika maka da sanarwa, alƙali zai ba da umarnin kora nan take. Kafin a soke shi sai ka shigar da buƙata cikin kwana 180 ka nuna wani uzuri mai ƙarfi, irin rashin lafiya mai tsanani ko rasuwar mata ko ɗa ko mahaifi, ko kuma ka tabbatar sanarwar ba ta taɓa isowa ba. Cunkoson hanya ko manta rana ba sa cikin uzuri. Abin da ya fi jawo wannan shi ne sauya gida. Doka ta ce a sanar da kotu sabon adireshi cikin kwana 5 da fom ɗin EOIR-33. Sanar da ICE ko USCIS ko gidan waya bai wadatar ba, domin kowace da nata rumbun bayanai. Haka kuma wanda ya tashi daga Texas ya koma Bronx wurin ƴan'uwa, shari'arsa ba ta biyo shi da kanta, sai ya rubuta buƙatar a sauya masa kotu kuma alƙali ya amince. Kafin amincewar, ranar da ke Texas tana nan daram.

Ƙofofin tsira ba su da yawa. Mafaka ita ce babba, da fom ɗin I-589, kuma tun dokar 1996 dole a shigar cikin shekara guda da isowa sai dai in akwai canjin yanayi ko dalili na musamman. Tsoro kaɗai bai isa ba, talauci ma bai isa ba. Sai an nuna cewa zaluncin da ake tsoro yana da nasaba da ɗaya daga abu biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a na musamman, kuma gwamnati ce ke yi ko ta kasa hanawa. A 1987 Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Cardoza-Fonseca cewa ko yiwuwar ɗaya cikin goma tana iya isa. Wanda wa'adin shekara ya wuce shi yana iya neman a dakatar da korarsa, ko kariya ƙarƙashin yarjejeniyar hana azabtarwa, amma a nan sai ya nuna yiwuwar ta haura rabi, kuma ko ya ci ba zai sami katin zama na dindindin ba, ba kuma zai ɗauko iyalinsa ba. Akwai kuma soke kora ga wanda ya yi shekara 10 a ƙasar da kyakkyawan hali, in ya nuna tafiyarsa za ta jefa mata ko ɗa ko mahaifi mai takardar zama ko ɗan ƙasa cikin wahala da ta wuce misali. Mutum 4,000 kacal ake ba wa a shekara a duk faɗin ƙasar, don haka har wanda alƙali ya gamsu da shi yakan jira shekaru kafin layi ya zo kansa. Na ƙarshe shi ne tafiya don kai, inda ake ba mutum har kwana 120 in ya nema da wuri, ko 60 in a ƙarshen shari'a ne.

Zama na biyu shi ne na ainihin shari'a, awa biyu zuwa huɗu. Mutum zai yi rantsuwa ya ba da labarinsa, lauyan gwamnati ya yi masa tambayoyin ƙure, alƙali ma ya yi nasa, kuma sau da yawa a nan take zai karanto hukunci da baki. Duk takardar da ba Turanci ba sai an haɗa ta da fassara da shaidar mai fassarar, kuma a miƙa kafin wa'adin da alƙali ya sa. Dokar REAL ID ta 2005 ta ba alƙali ikon ƙin gaskata mutum saboda saɓani tsakanin maganganunsa ko da saɓanin bai taɓa zuciyar labarin ba.

A nan ne mai jin Hausa ya kamata ya buɗe ido sosai. Kotu na ba da tafinta kyauta, wani lokaci ta waya. Amma Hausar zangon Kumasi ba ita ce ta Maraɗi mai gauraye da Faransanci ba, ba kuma ita ce ta Kano ba, kuma tafinta na iya fassara abin da ya zata maimakon abin da aka faɗa. Mutum zai ce "ɗan'uwana aka kashe", tafinta ya mayar da shi wanda suke ciki ɗaya, alhali a fom an rubuta ɗan baffa. Zai ce "babana" yana nufin ƙanin mahaifinsa, sai lauyan gwamnati ya ɗago takarda ya ce ai ka rubuta mahaifinka ya rasu tun kana yaro. Zai ce abin ya faru "bayan babbar Sallah" ko "da kaka", a matsa masa ya faɗi wata da rana, ya yi kintace, kintacen kuma ya saɓa da abin da ya gaya wa jami'in kan iyaka shekara uku baya. Ga Mahamadou a fasfo, Muhammad a takardar makaranta, Mamman a wasiƙar mai unguwa. Duk waɗannan ba ƙarya ba ne, amma a rubuce kama da ƙarya suke. Maganinsu shi ne a bayyana su tun farko a rubutacciyar sanarwa, a faɗi ainihin dangantaka dalla-dalla, in ba a tuna rana ba a ce ba a tuna ba. Idan kuma ba ka fahimtar tafinta, ka faɗa a lokacin da na'ura ke ɗauka, domin kotun ɗaukaka ƙara abin da ke cikin rikodin kaɗai take dubawa. Labarin haya kuwa, irin wanda wasu masu cika fom ke sayarwa, dafi ne: in alƙali ya tabbatar da gangan aka ƙirƙira, an haramta wa mutum kusan kowace irin takarda har abada.

Wanda ya faɗi yana iya ɗaukaka ƙara zuwa BIA da ke Falls Church a jihar Virginia da fom ɗin EOIR-26. Wa'adin da aka daɗe ana bi kwana 30 ne, kuma ranar da takarda ta isa ake lissafawa, ba ranar da aka aika ba. Ƙa'idojin nan suna yawan canzawa, don haka ranar da alƙali ya rubuta a takardar hukunci ita ce abin riƙo. Bayan BIA sai kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, cikin kwana 30 ita ma. Wannan ne karo na farko da shari'ar ke zuwa gaban alƙalin da minista ba zai iya kora ba, kuma ƙalilan ne ke da kuɗi da ƙarfin kaiwa can.

Inda ɗakin ke yoyo

Kowa ya san maganar cunkoso. Alƙaluman cibiyar tattara bayanai ta TRAC, wadda a lokacin take Jami'ar Syracuse, sun nuna shari'o'in da ke jira sun haura 500,000 a 2016, sun haura miliyan 1 a 2019, sun wuce miliyan 3 a ƙarshen 2023, a hannun alƙalai kimanin 700. Ko a raba daidai, a lokacin kowane alƙali na da sama da dubu huɗu. Jinkirin yana cutar mai gaskiya, domin shaidu na mutuwa, tunani na dusashewa, iyali na can cikin haɗari. Yana kuma amfanar marar hujja, wanda ya san zai yi shekaru kafin a zo kansa.

Amma cunkoso alama ce, ba shi ne ciwon ba. Dubi ikon da Antoni Janar ke da shi na janyo kowace shari'a daga BIA ya yanke da kansa, hukuncin kuma ya zama doka ga dukkan alƙalai. A 2018 Antoni Janar Jeff Sessions ya yi amfani da shi ya taƙaita mafaka ga matan da suka gudo daga dukan miji, ya kuma hana alƙalai jingine shari'o'in da ba na gaggawa ba. A 2021 Antoni Janar na gwamnatin da ta biyo baya, Merrick Garland, ya soke duka biyun. A 2025 aka sake dawo da hukuncin farko kan matan. Mace ɗaya da labari ɗaya, wadda ta shigar da takarda a 2017, dokar da za a auna ta da ita ta juya sau uku tana zaune tana jira. A 2018 an kuma sa wa alƙalai ƙa'idar kammala shari'a 700 a shekara kafin a ce aikinsu ya gamsar, aka janye a 2021. Alƙalin da ya san ɗage zama don mutum ya nemo shaida zai rage masa maki, yaya za a ce ba shi da wata buƙata a cikin shari'ar? A 2025 an sallami alƙalai da dama, aka rage kujerun BIA daga 28 zuwa 15, aka kuma amince a kawo lauyoyin soja su riƙe alƙalanci na wucin gadi. Kowace gwamnati ta zo sai ta sake jera layi, a tura shari'ar da ta kusa zuwa baya don a shigo da wadda ake yayi, kwan-gaba kwan-baya.

Sakamakon ya dogara ƙwarai da ɗakin da ƙaddara ta kai ka. Wani bincike da malaman shari'a uku suka wallafa a 2007 ya gano cewa a kotun Miami kaɗai, ɗan Kolambiya mai neman mafaka na da damar kashi 5 cikin ɗari a gaban wani alƙali, kashi 88 a gaban wani. Batun lauya ma haka. Ingrid Eagly da Steven Shafer sun duba shari'o'i sama da miliyan ɗaya na 2007 zuwa 2012, suka tarar kashi 37 cikin ɗari ne ke da lauya, a cikin waɗanda ke tsare kuwa kashi 14. Wuraren tsarewa da yawa suna ƙauyukan Louisiana da Texas da Georgia, nesa da inda lauyoyi suke, kuma ta allon bidiyo ake yin shari'ar. Har yara ƙanana kan tsaya gaban alƙali ba lauya.

Shawarwarin gyara

Wanda aka fi yi shi ne ƙara alƙalai, kuma an ƙara, yawansu ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara goma. Cunkoso bai ragu ba a waɗannan shekarun, saboda sammacin da aka shigar ya fi wanda aka kammala, kuma alƙali ba tare da magatakarda da mataimakin bincike da tafinta ba rabin alƙali ne. Hanzartawa da ƙarfi ma an gwada. A 2002 Antoni Janar John Ashcroft ya rage mambobin BIA daga 23 zuwa 11, ya faɗaɗa tabbatar da hukunci da layi ɗaya ba bayani. Garin gyaran gira aka rasa ido: ƙararraki suka yi ambaliya zuwa kotunan tarayya, har alƙali Richard Posner ya rubuta a 2005 cewa shari'ar shige da fice ta faɗi ƙasa da mafi ƙarancin mizanin adalci.

Shawarar da na fi gamsuwa da ita ita ce a cire kotun daga Ma'aikatar Shari'a a mai da ita mai cin gashin kanta ƙarƙashin sashe na ɗaya na tsarin mulki, wanda ya tanadi ikon Majalisa. Ba sabon abu ba ne. Haka aka yi wa Kotun Haraji a 1969, haka aka kafa kotun ƙararrakin tsoffin sojoji a 1988, kuma wani kwamitin da Majalisa ta kafa ya ba da wannan shawara kan shige da fice tun 1981. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta goyi baya, ƙungiyar alƙalan shige da ficen kansu ma haka, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tsarin, alƙali zai sami wa'adi tsayayye na shekaru, ba a cire shi sai da dalili, kotu za ta riƙe kasafinta da jadawalinta, minista kuma ya rasa ikon sake rubuta hukunci. Masu suka na cewa shige da fice ya shafi hulɗar ƙasashen waje, don haka dole shugaban da aka zaɓa ya riƙe linzami. Amsar ita ce zai ci gaba da riƙe shi ta inda ya dace: shi ke zaɓar wanda za a kama, wanda za a gurfanar, da matsayin da lauyoyinsa za su ɗauka. Abin da zai rasa kawai shi ne zama mai ƙara kuma mai hukunci. Gaskiya ne ƴancin kotu shi kaɗai ba zai share miliyoyin fayil ba, amma zai hana a riƙa watsa layin duk shekara huɗu.

Ba da lauya ga wanda ke tsare shi ne na biyu, kuma an gwada shi. Birnin New York ya fara a 2013, cibiyar Vera mai binciken harkokin shari'a ta auna a 2017 ta ƙiyasta nasara ta tashi daga kashi 4 zuwa 48 cikin ɗari. Lauya na rage ɓata lokaci ma, domin shi ke gaya wa marar hujja gaskiya tun farko maimakon ya yi watanni a tsare da kuɗin gwamnati.

Sai rage kayan da ake jibga wa kotun. Jami'an mafaka na USCIS na iya fara sauraron sababbin buƙatu a zaman da ba na gaba-da-gaba ba, wanda aka ƙi ne kawai zai je gaban alƙali; an fara gwada haka a 2022 amma a ƙaramin mataki. Waɗanda ke da takardar aure ko ta dangi da ke jiran amincewar USCIS ba su da dalilin cin lokacin kotu. Akwai kuma wata tsohuwar ƙofa a cikin doka da ke ba wanda ya daɗe a ƙasar da kyakkyawan hali damar yin rajista ya sami katin zama. Majalisa ta sha matso da ranarta a baya, amma rabon da a taɓa ta tun 1986, kuma har yanzu tana kan 1 ga Janairun 1972.

Ƙudirin kafa kotu mai cin gashin kanta da ƴar majalisa Zoe Lofgren ta gabatar a 2022 ya tsallake kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai, amma bai kai ga ƙuri'ar zauren majalisar ba kafin wa'adinta ya ƙare.